Ranar da ke Tsakanin Talata da Alhamis

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban 'yan aji ɗaya a wata firamare da ke Kucheri, ga ni uwar 'ya'ya huɗu, na shekara fiye da goma ina riƙe alli, amma na kasa lissafa ranakun mako. Ba wani darasi mai zurfi ba, ranakun mako dai, waɗanda ko akuyar gidanmu ta san ta kasuwa a cikinsu.

Bari in faro daga tushe. Surukata, uwar mijina, sunan rana gare ta, ranar nan da ke tsakanin Talata da Alhamis, don a ranar aka haife ta. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san matar ɗa ba ta kama sunan surukarta. Ni kuwa tawa kunyar ta fi ta kowa wahala, domin sunan surukata kowane mako sai ya zagayo. Tun da aka kawo ni gidan a Bungudu na raɗa wa ranar suna "ranar Inna", har yarana suka tashi suna ce mata haka. A makaranta ma ina da dabarata. In na zo koyar da ranaku sai in ce, "Lahadi, Litinin, Talata," in kara hannu a kunne, yara su kwaɗa ta gaba da ƙarfi, ni kuma in ɗora da Alhamis kamar ba a yi komai ba. (Har wani sufeto ya taɓa yaba mini, wai na iya jawo yara cikin darasi.)

Bayan an ba mu sabuwar jiha aka fara raɗe-raɗin cewa tsohuwar takardar malanta irin tawa, mai daraja ta biyu, ta kusa daina ci. Ko ka ƙaro ilimi ko ka koma gida. Na so in ƙaro, amma ga yara, ga autana ko yaye ban yi masa ba, ga mijina direba ne, kullum yana hanyar Funtuwa. Inna ce ta raba gardama.

"Ki tahi ki yi karatunki," in ji ta. "Yaran ga ni ka riƙonsu. Mi ni ka yi da rana in ba zama ba?"

Haka na shiga wata kwaleji a Gusau. Kullum da sassafe in hau motar haya daga Bungudu, in bar Inna da goyo a baya tana hura wutar koko.

A ajinmu kusan duk 'yan mata ne sa'o'in ƙannena, kuma tun ranar farko suka liƙa mini "Anti". Na tsani kalmar nan. Don in nuna ni ma 'yar zamani ce na sayi takalmi mai tsini wanda ya riƙa cin ƙafata, na daina tambaya in ban gane ba, na kuma hana kowa sanin halin da nake ciki a gida. Akwai wata Jamila, yarinya mai kai amma bakinta ba linzami. Wata rana tana ba mu labarin goggonta, wai mijinta Sani ne, saboda haka ba ta taɓa cewa "ban sani ba", sai dai "ba ni da labari". Aka yi ta sheƙa dariya. Wa kuke tsammani ya fi kowa dariya? Har da tafa hannu na ce, "Ai wannan ƙauyanci ne, mu kam mun wuce nan."

Inna ta san dabarar kara hannu a kunne, don yara sun kai mata rahoto. Wata la'asar tana tsince shinkafa ta dube ni tana murmushi.

"Ke ɗiyag ga, in dai sunana na ka hana ki cin jarrabawa, ki hwaɗe shi, na yahe miki. Ni ma ba ni na zaɓe shi ba, ranar ta kawo ni."

Na rufe fuska da gyale na gudu ɗaki, ita kuma tana ta dariya.

A ƙarshen daminar 1999, muna shekarar ƙarshe, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ba ta yi mako ba Allah ya karɓi abarsa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba aka tura mu gwajin koyarwa, wato a kai ɗalibi wata makaranta ya koyar na zango guda, malamin kwaleji ya zo ya zauna a bayan aji ya ba shi maki. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba shi da takarda sai ya maimaita baɗi. Ni da Jamila aka kai mu Kucheri, na samu masauki wurin wata 'yar uwa a Tsafe. Ranar da zan tafi mijina ya raka ni tasha.

"Maƙwabta sun ce su riƙa yaran wanga zango," ya ce. "Ki ƙarasa. Bayan shi ban san yadda za mu yi ba."

Ban gaya wa kowa a kwaleji an yi mini rasuwa ba. Sauran ɗalibai kan taru a gindin bishiya kowa ya gwada darasinsa a gaban 'yan uwansa, su gyara masa. Jamila ta sha cewa, "Anti, zo ki gwada naki mu gani." Sai in ce ni da na shekara goma a aji, me za ku koya mini. Ko da malamar ajin ta ce darasin makon nan ranakun mako ne, ban nemi a canza mini ba. Ai ina da dabara.

Malam Sanusi ne ya zo duba mu, saurayin malami mai shiru-shiru. Ya iso a kan babur ba sanarwa, kuma don abin ya cika, ranar Inna ce. Ya shigo da baƙar jaka da farin gilashi ya zauna a baya, Jamila ta biyo shi ta zauna gefensa don ta ga yadda gwanaye ke yi. Abin da ban lura da shi ba, yaran nan sabbin shiga ne, kuma duk baƙon da suka taɓa gani da irin wannan jaka, mai yi musu allura ne. Nan take ajin ya yi tsit, wasu har sun fara riƙe damatsansu.

Na gyara gyale na fara. "Lahadi," suka amsa can ƙasa-ƙasa. "Litinin." Suka amsa. "Talata." Suka amsa. Na kara hannu a kunne.

Shiru.

Na yi murmushi irin na gogaggun malamai na sake farowa. Talata, hannu a kunne. Ba wanda ya ce uffan, duk idanunsu na kan jakar Malam. Na sake a karo na uku, har na nuna wata yarinya da ke gaba, ta ɓare baki za ta yi kuka. Malam Sanusi ya ɗago kai daga rubutun da yake yi.

Wallahi na yi niyyar faɗa. Na tuna Inna ta yafe mini. Na buɗe baki, harafin farko yana kan harshena, sai kawai na gan ta da tire a cinya tana tsince shinkafa tana yi mini dariya. Abin da ya fito shi ne:

"Litinin, Talata, Inna, Alhamis."

Su kuwa yara, bayin Allah, da suka ga a ƙarshe an ba su abin faɗa, sai tsoro ya sake su. Suka ɗauka gaba ɗaya da iyakar ƙarfinsu: "Litinin, Talata, Inna, Alhamis!" Na ɗaga hannu in tsayar da su, suka zaci a maimaita nake nufi. Suka sake, suna buga benci, har da waƙa suka sa masa. Na hango Jamila ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Ban san lokacin da na ajiye alli ba. Na fita da takalmina mai tsini ina tangaɗi, na zagaya bayan ajin na tsugunna gindin wata bishiyar bedi na yi ta kuka, ina jin su ta taga suna ta kiran Inna.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin ban dariya ne kawai.

Bayan an tashi tara Malam Sanusi ya sa aka kira ni ofis. Jamila na nan tsaye tana jiran nata sakamakon. Ya dube ni a natse.

"Malama, yau wace rana ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gobe dai Alhamis."

Ina ganin ya fara ganewa, don ya rage murya.

"Wace ce Inna? In akwai wani uzuri ki gaya mini, zan iya dawowa wani makon. In babu, dole in rubuta abin da na gani, kuma abin da na gani shi ne malama ta bar aji ba ta gama darasi ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini. Kalma biyu ce kawai, surukata ce, ta rasu. Duk Bahaushe zai fahimta. Amma na saci kallon Jamila, na tuna tafin da na yi ranar labarin goggonta. Na ji bakina yana cewa, "Ba kowa ba ce, Malam. Mantawa na yi."

Ba kowa ba ce. Matar da ta shekara biyu da rabi tana goyon ɗana don in zauna a aji, ko arba'in ba ta yi a ƙasa ba, na ce ba kowa ba ce. Na gwammace a ɗauke ni malamar da ta manta ranakun mako da a ɗauke ni baƙauya. (Ku dubi wannan ciniki, ku gaya mini ko akwai baƙauyar da ta kai ni.)

Ya rubuta abin da ya gani. Na ƙarasa zangon a Kucheri yara na bi na a hanya suna kirana Malama Inna Alhamis, sannan sakamako ya fito: sai na maimaita. 'Yan ajinmu suka gama suka watse. Maƙwabta sun yi iya nasu, ba a ɗora wa mutane zango na biyu. Manyan yaran suka koyi dafa wa kansu, autana kuma aka kai shi wurin yayata a Karakkai. Da na je ɗauko shi bayan na gama, sai ya ɓuya a bayan zanenta yana leƙena, ita yake kira Mama. Na karɓi takardata a shekarar da ta biyo, amma na daɗe ban ji daɗin kallonta ba.

A karo na biyu Malam Sanusi ne ya sake zuwa. Kafin a shiga aji na tare shi a gindin babur ɗinsa na gaya masa komai, a taƙaice, ina kallon ƙasa. Ya girgiza kai.

"Haba Malama. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. Da kin faɗa, ai sai mu ba ki darasin sassan jiki."

Sassan jikin aka ba ni kuwa. Kai, kafaɗa, gwiwa, ƙafa, babu surukar kowa a ciki. Na ci da maki mai kyau. Jamila ma, da labarin ya kai mata, har Bungudu ta zo yi mini ta'aziyyar da na hana ta yi a kan lokaci, ta zauna a tabarma tana ta hawaye. Ashe yarinyar da na ɓata shekara guda don gudun dariyarta, ba ita ce abin tsoron ba.

Yanzu in wata babba ta zo ta ce mini za ta koma karatu, ba na fara mata da maganar littafi. Nakan ce ta fara samun wanda zai riƙe mata gida, ta kuma tanadi na biyu, domin na farkon ba a hannunta ransa yake ba. Ta sa takalmin da ta saba da shi. Ta gwada darasinta a gaban yaran nan da ke ce mata Anti, ba za su cinye ta ba. Uwa uba, duk abin da ke damunta ta faɗa wa malami tun a bakin ƙofa, kafin ya fito da kansa a gaban allo, inda yara za su sa masa waƙa.

An ce har yau a Kucheri akwai magidanta da in suna lissafa ranaku sukan ɗan tsaya bayan Talata. Ni ce sila, su yafe mini. Mai karatu kuma ya lura na kawo har nan ban rubuta sunan ranar ba. Inna ta yafe mini in faɗa, na kasa. Abin da ba ta ba ni izinin faɗa ba, wato cewa ita ba kowa ba ce, shi na faɗa ba ko gargada. Allah ya jiƙan Inna.