Tumatirin Kawu Sale

Ina aji uku a sashen aikin gona lokacin da tumatirin Kawu Sale ya fara yaushi a rumfar ledarsa da ke Kademi. Ni da ban cika magana ba, ranar da na je dubawa har da ɗaga yatsa na yi masa bayani: ƙwayoyin cuta ne a ruwan tankinsa. Na ɗebi ruwan a gora, na rubuta rana da lokaci, na kai ɗakin gwajin makaranta. Cikin kwana biyu farantin gwajin ya cika da ƙwayoyi.

"Kawu, a zubar da ruwan, a tuge shukar."

"Duka, ɗan nan?"

"Duka."

Da hannunsa ya tuge.

Da na kai wa malamarmu farantin, ta duba, ta ce, "Waɗannan ai na nono ne. Me aka taɓa zubawa a gorar?"

Gorar furar Inna ce, ɗauraya ɗaya na yi mata.

A shekarar, Kawu bai sayar da ko kwando ɗaya ba, kuma bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Har yau, in an kawo fura, sai ya janye ƙwaryar daga gabana, ya ce, "Ku ɓoye, kada Likita ya ce a yanka saniyar."