Kalilu Mai Auna Kaurin Sabulu

"Ni Kalilu, kallo ɗaya nike wa ruwa in gaya maka kaurinshi! Fenti, baƙin mai, gam, babu wanda bai bi ta hannuna ba a Ikko."

Ɗan ƙanena ne, don haka ku ji gaskiyar daga bakina. Gadi ya yi a wani kamfanin fenti. Ta taga yake leƙen masu fararen riguna suna cika kofi mai huda, suna duban agogo har ya tsiyaye. Da aka sallamo shi, ya dawo mana unguwarmu Nasarawa da hular kwano da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa.

To, akwai Yejide da ke haya a gidana, Maman Wale muke ce mata, sana'arta sabulun ruwa. Ran nan ta haɗa duro guda cur. Wani gidan abinci ne a Argungu ya nema, mota za ta zo ɗauka bayan azahar, in ya yi musu daga ita za su riƙa saye. Tana barbaɗa gishiri kaɗan-kaɗan tana juyawa, don shi ke sa sabulu kauri, sai ga gogan naku.

"Subhanallahi! Da ido kike aunawa? Maman Wale, wanga aiki na masu ilimi ne."

"Injiniya, ai na kusa gamawa."

"Matsa dai."

Hular kwanon nan ta ruɗe ta, ta matsa. Ya samo gwangwanin madara ya huda da ƙusa, ya cika, ya ɗaga sama yana ƙirga da Turanci, ido a lumshe.

"Bai kai ba! A Ikko korar mutum akai kan irin wanga."

Ya watsa gishiri tafi guda a duro, ya juya. Allah da ikonsa, sabulu ya yi kauri, yana zuba a hankali kamar zuma. Maman Wale ta tafa masa. Nan ta yi kuskure.

"Na gode, ya isa haka."

"Ya isa? Tafi guda ya yi wanga, mi kike zaton kwano zai yi?"

Ya juye kwanon gishiri guda a ciki. Sabulu ya yi fari, ya saki jiki, ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ya cika gwangwani, kafin ya buɗe baki ya fara ƙirga babu komai ciki.

"Hudar ce ta ƙara girma," in ji shi. Ya sake cikawa, yanzu kuma ɗis-ɗis yake zuba.

Na ce, "Kalilu, cire yatsanka daga gindin gwangwanin."

"Gwaggo, ba ki san kimiyya ba."

"Na san yatsa."

Sai ya ce gishirin ne jabu. Ya zazzage ragowar buhun gishirinta, ya afka madafata ya haɗa da nawa na miya. Sabulu dai tsululu. Maman Wale ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan uwarta.

"Kwantar da hankalinki, kaurin ƙasa ya kwanta. Bari in taso shi."

Ya rungumi duro ya karkata. Duro ya ce ga ni nan. Tsakar gidana siminti ne, kuma gangare ya yi zuwa zaure. Ƙafafun Injiniya suka yi sama, ya bi sabulu a rigingine, suuu, ya wuce turmi, ya tarwatsa kaji, hular kwano na biye da shi, Maman Wale na biye da hula da sandar juyi.

Bai tsaya ba sai a ƙofar gida, a gaban Tamba direban da ya zo ɗaukar sabulun, wanda ya sauko daga mota ke nan da igiyar ɗaure kaya.

Tamba ya dube shi yana kumfa har cikin kunne, ya dubi Maman Wale.

"Maman Wale, shi ne kayan Argungun? Gaskiya ban ɗauka sai kin zuba shi a jarka. Wanga bai da kauri, kan hanya zai tsiyaye."