'Yar Baƙa Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe da bandeji, Malam Gregory Bawa, malamin lissafi mazaunin sashen baya na gidan Alhaji Haidar a Nassarawa GRA, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Marigayiyar ta cika ranar Asabar da hantsi, bayan gajeriyar jinya da doguwar gardama. Don kada a tsinci zancen a bakin duniya, gara a faɗa tun yanzu: ba ciwon ne ya kashe ta ba, mai ita ne.

Matarsa Salomi ce ta sayo ta a gwanjo, ta raɗa mata suna, ta kuma buɗe ta da sunanta. 'Yar Baƙa ta yi zaman haƙuri a gidan nan. Ta sha shayi ta madannai ba sau ɗaya ba. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da caja take numfashi, in aka ɗauke wuta sai ta suma nan take, in aka kawo ta farfaɗo ba tare da ƙorafi ba. Maƙwabta za su tuna da fankarta mai cewa "fuuuu" kamar mai hura wutar icce, da kuma "tilin!" ɗin da take yi in ranta ya ɓaci.

Babbar amanar da ta riƙe folda ce guda ɗaya. Salomi ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu da ke Badawa, takan zauna a gaban kwamfutar da cakinta a hannu, ta ɗauki muryarta tana gwada sababbin waƙoƙi, har da tarinta da dariyarta in ta yi kuskure. Tun da Salomi ta rasu, Malam bai taɓa cin abincin ranar Lahadi ba sai da muryar nan a ɗaki. Babu kwafinta a ko'ina. 'Yarsu Irene, da ke aiki a Kaduna, ta yi magana har bakinta ya gaji, kullum Malam sai ya ce gobe.

Jinyar ta fara ne da nauyin jiki. In an kunna ta sai a je a yi wanka a dawo ba ta gama tashi ba. Wani abokin aiki ya ce maganinta fomatin, a goge babbar manhajar da ke tafiyar da ita a zuba sabuwa. Malam kuwa, da yake karambani ba baƙonsa ba ne, ya ce da hannunsa zai yi. A ba shi haƙƙinsa, ya yi hattara, bai taɓa ɓangaren da waƙoƙin suke ba. 'Yar Baƙa ta tashi garau, ta tambayi sunan mai ita, ya rubuta Gregory. Ya danna foldar. Ta ce "tilin!", ta sanar da shi cewa ba shi da izinin shiga.

Ya kira Irene. Ta yi masa bayani a hankali: na'ura ba ta san aure ba, ba ta san gado ba. Foldar ta Mama ce, sabuwar manhajar kuma ba ta san Mama ba, shi ya sa a gurbin sunan mai foldar take nuna wasu lambobi zuru-zuru. Maganin shi ne ya shiga wajen izini, ya cire lambobin, ya sa sunansa a matsayin mai mallaka, ya danna ɗan akwatin da zai sa duk abin da ke ciki ya biyo baya. Aikin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Malam ya bi ta daki-daki har ya iso gaban lambobin. Ya tambaye ta ko su ne uwarta, ta ce, "E, Baba, su za ka cire." Sai ya kashe wayar. Mutumin da har yau bai ɗauke takalmin Salomi daga bakin ƙofa ba, shi za a ce ya goge ta ya hau gurbinta? Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai yi ba.

Sai ya ɓullo da tasa dabarar. Ya sake yi mata fomatin, da ta tambayi sunan mai ita ya rubuta Salomi, ya sa kalmar sirrinta da ya haddace. Ya san ƙarya yake yi wa baiwar Allah. Ya danna foldar.

"Tilin!"

'Yar Baƙa ta san Salomi, ta kuma san wannan ba ita ba ce.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa da daɗi. Ya fara da naushi a fuska, gilashin ya tarwatse ya yanke shi a 'yan yatsu. Ya fizge caja ya yi ta tsula mata wayar, madannai na ta tsalle kamar gugguru. Ya ɗaga ta sama ya maka da bango, ta faɗo ta rabe biyu, amma shi a kunnensa fankar ba ta daina "kirrr" ba, dariya take yi masa. Nan ya shiga kicin ya ɗauko taɓarya. Idi maigadi ya ji kirɓa da ihu, ya ɗauka ɓarawo aka kama, ya sheƙo da kulki don kada a gama ba shi. Ya tarar da Malam jini har gwiwar hannu, yana duka yana kuka yana kiran sunan matarsa. Kafin Idi ya riƙe shi, taɓaryar ta sauka daidai kusurwar da faifan ajiya yake. Marigayiyar ta ce "ƙyas, ƙyas", ta yi shiru.

Irene ta iso washegari ta kai faifan wajen masu gyara. Ba su ko kwance shi ba. Girgiza shi kawai aka yi, cikinsa ya yi ƙara kamar caki, aka miƙo mata abinta da gaisuwar ta'aziyya.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja guda da ta ji rauni, da mawus, da jakar baya mai tsinkakken hannu. Ta kuma bar ɗan filas na ajiyar bayanai sabo dal da Irene ta sayo wa mahaifinta tun bara don ya kwafe waƙoƙin, wanda har yanzu yana cikin ledarsa.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da yamma a gindin mangwaron da ke bayan gidan. Alhaji ya ba da wuri, Idi ya haƙa kabari, kwalin taliya zai zama akwatin gawa. Masu niyyar zuwa su ce "ai da ka ji maganar yarinyar nan" su yi zamansu a gida, taɓaryar tana nan ba a mayar da ita kicin ba. Malam yana roƙon matan Zumunta na Badawa su daure su zo, amma su bar tulu da caki a gida. Ba za a yi waƙa ba, domin mai ba da waƙar tana cikin akwatin.