Yadda Na Fitar da Inna Kulu Waje

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar ba, ko da kuwa mutanen Maraɗi za su yi mini alfarma su manta, abin da har yau ba su nuna niyyar yi ba.

Ni malamin adabi ne a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, da ke cikin gari. Shekaruna hamsin, kuma ba a san ni da wargi ba. Tun da na dawo daga jami'a a Yamai na ɗaura ɗamarar yaƙi guda ɗaya: sai na koya wa mutanenmu kallon wasan kwaikwayo cikin natsuwa. Wanda ya taɓa zama cikin ƴan kallonmu ya san abin da nake nufi. Ɗan wasa zai yi sallama a kan dandali, fili duka ya amsa masa. Mugu zai shigo, wata daga baya ta ce, "Kar ki yarda da shi, ɗiyata!" Wani kuma salularsa za ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ba wanda ya kira labarin inda wasan ya kai. Ƙungiyoyin da, na zamanin ƙungiyar matasa ta samariya, ba su damu da wannan ba, domin ba su da rubutu. Shugaba ne zai ba da labarin a gindin bishiya, kowa ya hau ya nemo maganarsa, hayaniyar jama'a ma abin aiki ce a gare su.

Wasannin da matasanmu ke rubutawa yanzu kuwa wani abu ne dabam, kuma ina ƙaunarsu ƙauna mai tsanani. Gajeru ne. Mutum biyu ko uku, tabarma ɗaya, kujera ƴar tsugunne, shi ke nan. Ana iya ɗora kayan wasan duka a bayan kabu-kabu a kai su harabar kowace makaranta. Amma saboda gajartarsu, kowace jimla an auna ta, wanda ya rasa ɗaya ya rasa da yawa. Shi ya sa duk inda za a nuna irinsu nakan naɗa kaina mai tsaron shiru. (Ba wanda ya taɓa ba ni wannan muƙami. Na lura kuma ba wanda ya taɓa yi mini godiya a kansa.)

Rahila ɗalibata ce ta da, ƴar Tsibiri, yanzu tana koyarwa a makarantar firamare. Ita ce ta rubuta wasan da ya jawo mini abin da zan ba ku labari. A shekarar, wani kwamiti ya zo daga Yamai don zaɓen wasa ɗaya tak daga jiharmu, wanda za a zagaya da shi garuruwa. Kowace ƙungiya sau ɗaya za ta nuna nata, babu maimaici. Rahila ta daɗe tana rubutu ba wanda ya san da ita sai ƴan cocinsu da ɗalibanta, wannan ce damarta ta farko, kuma ta san ba lallai ne ta biyu ta zo da wuri ba.

Ta kawo mini rubutun har gida, a unguwar Zariya. Na ƙi karɓa. Ina da wata aƙida da nake alfahari da ita, cewa wasa ba a karanta shi kafin a gan shi, domin an yi shi ne don ido da kunne.

"Mushe, akwai dai wani wuri da ya kamata ku sani tun yanzu," in ji ta. (Mushe, daga Faransanci, haka ɗalibai ke kiran malami a nan.)

Na ɗaga hannu. "Kada ki ɓata mini. Ke dai ki kula da ƴan wasanki. Ƴan kallo ki bar mini su."

Ta koma da rubutunta. Shekara uku na koyar da ita, ta san idan na ɗaga hannun nan magana ta ƙare.

Ranar ta zo. Bayan la'asar harabar gidan matasa, inda za a yi wasan, ta cika, maza a kan benci, mata a kan tabarmi daga gefe, takalmansu jere a bakin tabarma. Ƴan kwamiti suna gaba, a bayan tebur. Kafin a fara na karɓi makirufo na yi jawabi, na roƙi jama'a su kashe salula, su kame bakinsu, su nuna wa baƙi cewa Maraɗi ta waye. Na ga wasu suna gyaɗa kai. Na zauna a ƙarshen benci, inda idona zai kai ko'ina.

Wasan ya fara da wa da ƙane zaune a kan tabarma. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona a hanyar Jiratawa, gari ya matso kusa da ita, masu yanka filaye sun zo da tayi. Wan yana son a sayar, ƙanen yana jan ƙafa. Maganar tana tafiya a tsanake, fili ya yi tsit. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, har na fara tunanin ashe wahalar shekaruna ba ta tafi a banza ba.

Sai na ji daga tabarmar mata an ce, "Ƙarya kake!"

Na waiwaya. Wata dattijuwa ce, da zane mai koɗaɗɗen launi da mayafi a kafaɗa, tana tauna goro. Na yi mata kallon da nake yi wa ƴan ajin ƙarshe, kallon da ya sha sa ƙatti su haɗiye dariya. Ta dube ni kamar yadda ake duban katanga, ta mayar da ido kan dandali.

Wan ya ci gaba da lissafa wa ƙanensa amfanin sayarwa. Ta sake ɗaga murya: "Wanga yaro ba ya da kunya. Ubanka shi kaɗai ya gaji gonar?"

Aka fara dariya. Kawuna suka juya. Ƴan wasan suka ɗan dakata, abin da na fassara da cewa ta rikita su. Shugaban kwamiti ya waiwayo ya ɗaga gira. Na hango Rahila a jikin bango, ta haɗa hannuwa a ƙirji, fuskarta a ɗaure. Na ce a raina, yarinyar nan ta ba ni amanar fili, ba zan zauna ina kallo wata tsohuwa ta rushe mata aikin shekaru ba. Na tashi.

Na je na rusuna a bakin tabarma, cikin ladabi. "Inna, don Allah a yi haƙuri. Wasa ake yi."

"Wasa?" Ta faɗa da ƙarfi yadda na bayan fili zai ji. "Kai ma wasa ka ɗauke ta? Gonar da na yi wa shuka tun ba a haihe ka ba?"

"Inna, ba gonarku ba ce. Labari ne aka rubuta."

"Jama'a ku ji mini! Ashe da kai anka haɗa baki. Ku dube shi, da tabarau da takalmi sau-ciki. Irinku ne ke zuwa da igiyar awo, ku auna gonar mutane kamar yadin atamfa!"

Dariya ta ƙaru. Ba zan kama hannun dattijuwa ba, tarbiyyata ba ta kai ni can ba. Amma malamin makaranta ba ya rasa dabara. Na sunkuya na tambayi ta kusa da ita waɗanne ne takalmanta, na ɗauke su, na miƙe na nufi ƙofa. (Har yau idan na tuna yadda na ji daɗin wannan dabara, sai in rufe ido.) Ta taso ta biyo ni ba takalmi, tana kiran jama'a su zama shaida. Na ajiye takalman a waje, ta fita, na ja ƙofa, na ce wa mai gadi kada ya bar ta ta shigo sai an tashi.

Na dawo mazaunina a hankali. Da na zo wucewa ta gaban tebur har na ɗan sunkuyar da kai ga ƴan kwamiti, irin na mutumin da ya yi aikinsa ba ya neman yabo.

A kan dandali, wan ya miƙe tsaye ya fuskanci jama'a. "To, magana ta ƙare, gobe za a sa hannu. Duk mai ja ya fito yanzu."

Ba wanda ya motsa.

Ya sake cewa, "Na ce duk mai ja ya fito yanzu." Idonsa yana kan gurbin da babu kowa a tabarmar mata.

Ya faɗa a karo na uku, muryarsa ta fara rawa. Ƙanen ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Ban taɓa jin shiru irin wannan a filin wasa a garin nan ba, kuma da farko na ɗauka gwanintar marubuciya ce.

Sai na ji an taɓa gefen rigata. Rahila ce a durƙushe.

"Mushe, ina kuka kai gwaggon?"

"Wace gwaggo?"

"Gwaggon wasan. Inna Kulu. Ita za ta hau yanzu, sauran wasan duk nata ne."

Akwai lokacin da mutum ke fahimtar abubuwa da yawa a tare, kowanne ya fi ɗan'uwansa ciwo. Na gane cewa dattijuwar ƙanwar mamacin ce a cikin labarin, wadda aka manta da rabonta, kuma Rahila ta zaunar da ita cikin ƴan kallo da gangan, don a ɗauke ta mai hayaniya kamar yadda ƴaƴan wanta suka ɗauke ta. Na gane cewa daƙiƙun da ƴan wasan suka dakata a rubuce suke. Na gane kuma cewa a cikin fili duka mutum ɗaya ne ya faɗa tarkon har wuya, shi ne wanda ya yi jawabin wayewa.

Kunya ta ce in nemi ƙofar baya. Amma wasan na nan tsaye, yaron yana shirin faɗin jimlarsa karo na huɗu, shugaban kwamiti ya fara duba agogo. Na tashi da gudu, ni da ban yi gudu a bainar jama'a ba tun ina ɗalibi.

Na same ta a kan bencin mai shayi, ta miƙe ƙafafu, takalman suna inda na ajiye su. Daga baya na ji cewa tsohuwar ƴar wasan samariya ce, kuma ƙa'idarsu ita ce duk abin da ya faɗo cikin wasa, ko akuya ce, ba a fita daga hali, sai a yi wasan da shi. Ni ma haka ta yi da ni.

"Inna, na yi kuskure. Don Allah ku taso, suna jiranku."

Ta dube ni, a karon farko da muryarta ta gaskiya, ƙasa-ƙasa. "Malam, gaban jama'a ka hiddo ni, gaban jama'a za ka maishe ni. Ɗauki takalman ka biyo ni. Duk abin da na tambaye ka, ka amsa."

Haka muka ratsa tsakiyar fili, tana gaba ba takalmi, ina biye da silifa a hannu. Ta hau dandali, ta yafito ni, na hau.

"Kun gani?" ta ce wa yaran. "Kun aiko mai tabarau shi kore ni, ga shi ya maido ni da kainai. Kai, hwaɗa musu, akwai rabona cikin gonar ko babu?"

"Akwai, Inna."

"Ɗaga murya, mutanen Yamai ba su jiya ba."

"Akwai, Inna!"

Fili ya ɗauki tafi da guɗa. Ta juya, ta kama rubutun Rahila daidai inda aka tsaya, ba ta tsallake kalma ba. Ta yi maganar wanta, da daminar da suka yi shuka sau biyu, da yadda ake tunawa da mace ranar biki a manta da ita ranar rabo. Na ga mata suna share ido da gefen mayafi. Ni kuwa ba wanda ya sallame ni, don haka na tsaya a gefe riƙe da takalma har aka gama.

Da aka tashi, shugaban kwamiti ya ce wasan Rahila suka zaɓa. Ya yaba rubutun, ya yaba gwaggo, sannan ya ce abin da ya fi burge su shi ne shigar malamin nan mai kore mutane, tun daga jawabinsa na farko. "Sai dai ya ɗan zaƙe," in ji shi. "A zahiri ba a samun mutum haka. A rage kaɗan, amma kada a cire."

Na matsa kusa na gaya masa gaskiya, domin ba na son a zaɓi yarinyar bisa ruɗu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga, har yanzu bai fita daga wasan ba."

Rahila ta rubuta shigar tawa a cikin wasan. Ta zo ta same ni, ta ce za ta iya neman wani ya yi, idan abin zai yi mini nauyi. Na yi tunani na ce a'a. Ni na ɓata, ni zan ɗauka. Na haddace jimlolina, waɗanda dama nawa ne, na zauna a bita ana gyara mini tsayuwa. Muka yi shi a Tsibiri, muka yi a Jiratawa, inda wani dattijo ya taso mini da sanda sai da aka riƙe shi. Matata ta kalla sau ɗaya, ta ce ba ta ga abin da aka ƙara ba, haka nake a gida.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada: kafin mutum ya tashi gyara taro, ya fara tabbatarwa ba shi kaɗai ne bai san abin da ake ciki ba. Game da gwanintar wasa kuwa, ba ni da abin alfahari. Duk lokacin da muka sauko daga dandali, Inna Kulu takan karɓi takalmanta ta girgiza kai, ta ce ina ƙoƙari, amma har yau ban sake kai na ranar farko ba.