Motar Auduga

Adabi nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Garwa, kuma a lokacin gani nake babu gurgun kwatancen da zai tsere mini.

Wata Lahadi muna shan shayi da ƙannen matata Hadiza, sai ta miƙo mini wata takarda da ƙanwarta ta kwafa da hannunta. Ta ce wani saurayi ne ya aika wa budurwarsa, in duba ko ya iya magana.

Na gyara tabarau, na karanta da ƙarfi: "Sonki ya cika zuciyata kamar motar auduga ta taso daga Tuboro."

Na ɗauko jan biro. Na yi bayani cewa auduga ba ta da nauyi, motar kuma hayaƙi take yi, ga mutuwa a hanya. Na yanke hukunci cewa mai wannan kwatance bai cancanci a ba shi mata ba.

Hadiza ta shiga ɗaki, ta fito da asalin wasiƙar, duk ta tsufa. Rubutuna ne, har da sa hannu.

Ta ce, "Malam, ai an riga an ba shi."

Har yau, da motar auduga ta gifta, sai ƙanenta ya bugo mini waya: "Yaya, ga zuciyarka can ta nufi Ngawundere."