Ranar da Na Gyara wa Mai Allura Giyarsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko haƙorana sun ƙare, da ranar da na yi wa giyar Bature magani. Lokacin ba a ba mu mulkin kai ba, ina kuku a barikin Dutsin-Ma wajen wani Baturen dabbobi da Fulani suka laƙaba wa suna Mai Allura. Ina ji da kaina sosai, shekara bakwai ina girki abincina bai taɓa ƙauri ba. (Haka dai nake gaya wa mutane.)

Ran nan zai tafi Kurfi yi wa shanu allura, sai ya miƙo mini wata kwalbar giya ya ce in adana, abokinsa na zuwa daga Katsina da la'asar. Na ɗora ta a kan tebur kusa da murhu. Da hantsi karambani ya motsa, na zare toshiyar na kai hanci.

Wai! Hayaƙi ne zalla, kamar an hura ɗanyen itace a ɗaki an ja ƙofa. Ga warin asibiti, ga na kwalta, can ƙarƙashi kuma wani ɗan zaƙi irin na zumar da aka ɗebo da wuta. Idona ya kawo ruwa. Na dubi murhu, na dubi kwalba, na ce a raina: ni na ɓata ta! Yau aikina ya ƙare, ga matata da tsohon ciki. (Yadda hayaƙi zai shiga kwalba a toshe kuwa, ban tsaya tambayar kaina ba.)

Inna ta koya mini maganin ƙauri, a juye a jefa gawayi. Na juye a kwano, na jefa gawayi uku, na tace da farin ƙyalle. Ƙaurin na nan daram. Na daka citta da kanumfari na zuba, na matsa lemun tsami, na mayar da ita cikin kwalbar, na ƙara ruwan randa ta cika. Ina yi ina istigfari, don ko ɗigo ban bari ya taɓa harshena ba.

Da la'asar suna zaune a baranda shi da baƙon, Mai Allura ya kira ni, fuskarsa sai walƙiya take. "Kuku, tsaya ka ji," in ji shi da Hausarsa. "A garinmu akwai fadama mai baƙar ƙasa. Muna yanko ta kamar tubali, mu shanya, mu ƙona, hayaƙinta ya busar da sha'ir. Sai a dafa, a rufe a gangar katako a bakin teku shekara goma sha biyu. Babana ne ya ba ni wannan ranar da zan taho. In na sha, sai in ji ina gida."

Na saki baki. Ikon Allah! Ashe akwai inda ƙasa ke cin wuta, kuma mutane su tsare hayaƙi shekara goma sha biyu da gangan? Sai da na gama mamaki sannan na tuna abin da na aikata.

Mai Allura ya zuba, ya lumshe ido, ya kurɓa. Baƙon ya kurɓa, ya leƙa cikin kofi.

"Kuku, citta nake ji?" in ji Mai Allura.

"Ranka ya daɗe," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya, "ƙauri ta yi, shi ne na gyara."

Wallahi da tsawa ya daka mini da na fi jin daɗi. Sai kawai ya ɗauki toshiyar kwalbar, wadda ita kaɗai ce ta tsira daga hannuna, ya daɗe yana shinshina ta, sannan ya sa a aljihun gaba. Bai kore ni ba, amma kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba.

Tun daga ranar, ko gidan mutum na gani yana hayaƙi, sai na yi sallama na tambaya kafin in ɗebo ruwa.