An Zare Wayar, Ƙauyenmu Ya Ɓace

Jiya na hau acaɓa zuwa Funtua karɓar takin da aka yi mana alkawari, na dawo da buhuna a naɗe a hammata. Ni da na ga fari, na ga fāra, na ga shekarar da aka ci dusa, duk na tsallake! Ban taɓa shiga aji ba, amma ba a haifi ɗan bokon da zai yi mini wayo a awon masara ba. Sai ga akwatin ƙarfe ya ce bai san ni ba.

Masarata ta kai gwiwa, ganye ya fara rawaya. In ba ta sha taki makon nan ba, kara kawai zan girba.

Na ɗaga murya a ofishin rabon har injiniyarsu ta fito, wata Amatullah.

"Baba, sannu. Ƙauyenku ne bai shiga tsarin ba."

"Ƙauyen da aka binne cibiyata?"

Ta ce akwai babbar na'ura, wai ita saba, mai riƙe da tsarin rabon. Ita Amatullah ke rubuta mata umarni layi-layi: buɗe wa ƙauye kaza, ƙara wa gunduma kaza. Amma duk canjin da aka yi a gefe na'urar ke riƙe shi, sai an rubuta layin ƙarshe an ce ta adana.

Na ce, "Wato kin sussuke hatsi, ba ki kai rumbu ba, aka sheƙa ruwa."

"Wallahi Baba ka fi shugabannina ganewa."

Ai na sani.

"To me ya hana ki layin ƙarshen, 'yata?"

"Ina kansa aka ji jiniya. Babban baƙo ya iso buɗe taro, aka zare wayar kwamfutata aka jona lasifika."

Allah ya ja zamanin Mai Girma Uban Yankan Ƙyalle! Ƙauyuka bakwai suka ɓace don a ji tarinsa da kyau, mu kuma muna ta tafi.

Sake rubutun, in ji ta, bai kai shan koko ba. Sai dai an karɓe kalmar sirrin shiga na'urar daga hannunta, an kafa kwamitin bincike, zai zauna bayan mako uku. Ihu bayan hari, da lemo da naman kaza.

Da na koma gida maƙwabcina Mannir ya leƙo ta katanga.

"Alhaji, an ce an samu nasara ɗari bisa ɗari. Ina naka buhun?"

"Yana cikin ɗarin, Mannir. Je ka ƙirga."

Da safe na kwashe kashin awakin matata Sabuwa na watsa a gona. Ya ishi kunyar masara goma sha biyu. Sauran gonar na bar wa kwamiti. In Allah ya kai mu kaka su zo da manyan rigunansu, a buɗe musu girbin kara, ni zan riƙe almakashi.